Ƙarar tafireta a injin Power Stroke 6.7: nazarin koken da ya biyo bayan sabuwar a-kori-kurar Ford

A rabin farko na shekarar 2010 kamfanin Ford ya fara sayar da manyan motocinsa na a-kori-kura samfurin Super Duty na 2011, wato F-250 da F-350 da F-450, ɗauke da sabon injin dizal mai suna Power Stroke, mai silinda takwas da girman lita 6.7. Motoci ne na aiki, waɗanda manoma da makiyaya da 'yan kwangila a Amurka da Kanada ke saya domin jan tirela da ɗaukar kaya masu nauyi, kuma mai sayensu yakan yi lissafin cewa zai mori injin na tsawon ɗaruruwan dubban mil kafin a kwance shi. Ba a yi watanni masu yawa ba sai masu motocin suka fara komawa wurin dillalai da koke iri ɗaya, cewa injin yana wata 'yar ƙara da ba su gane kanta ba, kuma da yawansu sun fara jin ta ne jim kaɗan bayan juyen baƙin mai na farko.

Ƙarar siririya ce, kas-kas, kamar ana taɓa ƙarfe da ƙarfe a hankali, kuma ba ta da tsari: ta yi sau biyu ko uku a jere, ta tsaya, ta yi ɗaya, ta sake tsayawa, sannan ta zubo da yawa. Wannan rashin tsarin ne ya sa aka laƙaba mata sunan ƙarar tafireta, domin ta yi kama da bugun wanda bai gwanance da keken rubutu ba. Ba a cika jin ta a cikin mota idan gilasai suna rufe ba. An fi jin ta idan injin ya ɗauki zafi yana kan silo, mutum kuma yana tsaye kusa da tayar gaba, ko idan an tsaya a gefen bango sautin yana dawowa. Wanda ya tsuguna ya saurara zai ji tana fitowa ne daga ƙasan injin, wajen kaskon baƙin mai da mahaɗar injin da giyabos, kuma wurin da take fitowa shi ya fi tayar da hankali, domin duk wanda ya san mota ya san cewa ƙarar ƙasan inji ita ce kan zo kafin inji ya buga.

Ba za a fahimci zafin da koken ya ɗauka ba sai an waiwayi abin da masu motocin Ford suka gani kafin 2010. Tun farkon shekarun 1980 kamfanin International Harvester, wanda daga baya ya koma Navistar, shi ke ƙera wa Ford injunan dizal na a-kori-kura. Injin lita 7.3 da aka yi daga 1994 zuwa 2003 ya yi suna wajen juriya, duk da hayaniyarsa. Wanda ya gaje shi, mai lita 6.0, ya jawo wa Ford asara da zubewar mutunci: na'urar sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji tana fashewa, na'urar sanyaya baƙin mai tana toshewa, gasket ɗin kan silinda yana ƙonewa, nozul suna lalacewa. Rigimar wanda zai biya kuɗin garanti ta kai kamfanonin biyu kotu a 2007, har Navistar ya dakatar da aika injuna na wani ɗan lokaci, kuma a farkon 2009 suka sasanta a kan cewa za su raba gari a ƙarshen shekarar. Injin lita 6.4 da ya cike tazarar 2008 zuwa 2010 bai wanke zukatan mutane ba. Saboda haka wanda ya sayi motar 2011 ya saye ta ne da kunnensa a buɗe, kuma da yawa daga cikin masu sayen sun taɓa jin dillali ya ce musu babu komai a kan injin da daga baya ya cinye musu dubban daloli.

Injin lita 6.7 shi ne na farko da Ford ya zana ya kuma ƙera da kansa domin waɗannan motocin, a masana'antarsa da ke Chihuahua a ƙasar Meziko, kuma a lokacin da ake aikinsa injiniyoyi suna kiransa Scorpion. An zuba gangar jikinsa da wani nau'in ƙarfe mai ƙarfi da rashin nauyi fiye da ƙarfen zubi na gargajiya, an yi kawunan silinda da alminiyom, an kuma juya tsarin numfashinsa ta yadda hayaƙi ke fita ta tsakiyar injin, inda aka ɗora turbo. Ya fito da ƙarfin doki 390, kafin a ɗaga shi zuwa 400 a cikin shekarar ta hanyar sauya manhajar kwamfutar motar. Abin da ya fi shafar batunmu shi ne tsarin mansa. Famfon kamfanin Bosch yana tara man dizal a bututu guda da matsin da ya kai kusan 2,000 a ma'aunin matsi na bar, nozul ɗin kuma suna iya fesa mai har sau biyar a zagaye ɗaya na ƙonewa.

Hayaniyar tsohon injin dizal tana fitowa ne daga yadda mai ke kamawa da wuta. Injin dizal ba shi da fulogi. Iskar da fistin ya matse ce ke yin zafi har ta kunna man. Idan aka zuba man gaba ɗaya, yakan ɗan jinkirta kafin ya kama, sannan ya kama a lokaci guda, matsi ya yi tsalle a cikin silinda, a ji wannan ƙwanƙwasar da kowa ya sani. Sabon tsarin yana fara fesa ɗan mai kaɗan domin wuta ta soma ci, sannan ya kawo babban kason, sai matsin ya tashi a hankali. Da wannan dabarar da kuma rufin da aka yi wa injin domin shanye sauti, Ford ya sami injin da za a iya tsayawa kusa da shi ana hira ba tare da ɗaga murya ba, kuma ya yi tallar hakan sosai. Sai dai da babbar hayaniyar ta tafi, ƙananan sautukan da take rufewa shekara da shekaru suka fito fili.

Wannan shi ne ginshiƙin bayanin da Ford ya aika wa dillalansa a takardar jagorar gyara kafin shekarar 2010 ta ƙare. Takardar ta amince cewa ƙarar tana nan, ta ma kira ta da sunan da mutane suka ba ta. Ta ce tana fitowa ne daga mu'amalar abubuwa huɗu: shimfiɗar baƙin mai, wuyan karanshaf, faifan ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansu waɗanda kanikawa ke kira metal, da gangar jikin injin. Ta bayyana cewa ana jin ta idan zafin injin ya kai kimanin digiri 65 a ma'aunin Salshiyos zuwa sama, daga silo har zuwa kusan juyi 1,700 a minti, cewa ƙarfinta ya bambanta daga inji zuwa inji saboda 'yan bambance-bambancen awo da ba a rasawa wajen haɗa kowane inji, kuma cewa takan ragu ko ta ɓace yayin da baƙin man ke tsufa. Umarnin da ta bayar a fili yake: kada a yi yunƙurin gyara, a shaida wa mai mota cewa ɗabi'ar injin ce kuma ba ta rage masa kwana.

Bayanin da injiniyoyi suka fi karɓa game da asalin sautin shi ne fashewar kumfa a cikin baƙin mai. Karanshaf ba ya taɓa metal kai tsaye idan inji yana da lafiya. Yana shawagi ne a kan wata shimfiɗar mai da ba ta kai kaurin gashin kai ba. Yayin da silinda takwas ke bugawa ɗaya bayan ɗaya, wuyan karanshaf yana matsawa gefe zuwa gefe a cikin wannan ɗan sarari, kuma a gefen da ya janye da sauri matsin man yakan faɗi ƙasa ƙwarai har a sami ɗan gurbi na iska ko tururi. Da matsin ya dawo, gurbin yakan rufe da ƙarfi, bugun ya ratsa gangar jikin injin ya fito a matsayin kas. Tun da samuwar kumfar ta dogara ne a kan haɗuwar zafi da kaurin mai da iskar da ke cikinsa da matsayin karanshaf a daidai wannan lokacin, ba ta faruwa a kowane juyi, shi ya sa sautin ba ya bin lissafi. Wannan bayanin ya dace da duk abin da masu motocin suka lura da shi, har da yadda juyen mai ke tayar da ƙarar, domin babu wani ƙarfe da ke sauyawa a cikin inji ranar juye, man ne kawai ya sauya.

Kuma ba Ford ne ya fara cin karo da ita ba. Kamfanin General Motors ya fitar da makamanciyar wannan takarda tun farkon shekarun 2000 a kan injin Duramax mai lita 6.6, wanda ya ƙera tare da Isuzu a garin Moraine na jihar Ohio, kuma dalilin da ya bayar kusan ɗaya ne. Duramax na cikin injunan a-kori-kura na farko a Amurka da suka yi amfani da tsarin bututun mai guda, wato shi ya riga saura yin shiru, shi ya riga su fallasa ƙarar. Injunan Duramax masu wannan sauti sun yi shekara goma a kan hanya kafin na Ford ya fito, kuma ba a ga sun fi sauran saurin bugawa ba. A ganina wannan hujja ta fi duk wata takardar kamfani nauyi.

Abin da ya rage ga mai mota da bakanike shi ne rarrabe wannan ƙara da waɗanda ke nuna ciwo, kuma a nan lissafi kaɗan ya fi kunne mai tsoro amfani. Injin da ke silo a kan juyi 600 a minti yana juya karanshaf sau goma a daƙiƙa, kamshaf kuma yana juyawa rabin haka, wato sau biyar. Ƙarar da wani sashe na cikin inji da ya lalace ke yi galibi takan bi ɗaya daga cikin waɗannan biyun. Bawul mai sako-sako zai yi kas sau biyar a daƙiƙa, babu ƙari babu ragi, kuma idan aka taka totur ƙarar za ta ƙara sauri daidai da injin. Nozul da ke yoyon matsi ta ƙarƙashin wasarsa yakan yi wani huci mai tsari iri ɗaya, sau da yawa tare da warin hayaƙi da baƙar dauɗa a gindinsa. Idan ƙusar da ke riƙe bututun hayaƙi a jikin silinda ta karye, ana jin ƙarar da sanyin safiya, ta ragu idan ƙarfe ya buɗe da zafi, wato akasin ƙarar tafireta wadda sai inji ya yi zafi take bayyana. Metal da ya cinye kuwa muryarsa mai kauri ce, tana ƙaruwa idan an ɗora wa inji nauyi, takan zo da faɗuwar matsin baƙin mai, kuma ba ta raguwa da tafiya, ƙaruwa take yi. Bakanike yana iya tabbatarwa ta hanyar kashe nozul ɗaya bayan ɗaya da kwamfutar bincike: idan ƙarar ta ɓace da aka kashe wata silinda, an gano inda ciwon yake, ƙarar tafireta kuwa ba ruwanta da wannan gwajin.

Akwai wasu sautukan da sabuwar motar ta zo da su waɗanda su ma suka kai mutane gareji a banza. Ita ce a-kori-kurar Ford ta farko da ke fesa ruwan yuriya a cikin salansa domin rage gubar hayaƙi, kuma famfon ruwan yakan ci gaba da aiki na ɗan lokaci bayan an kashe mota. Matatar da ke tare baƙin hayaƙi tana ƙone abin da ta tara da zafin da ya kai wajen digiri 600, kuma idan aka tsaya a daidai lokacin, ƙarfen salansa yakan yi ta ƙas-ƙas yana hucewa. Famfon da ke ɗauko mai daga tanki yakan yi kuka idan iska ta shiga bayan canjin filta, wanda galibi murfin da ba a ɗaure da kyau ba ne.

Takardar Ford ta faɗi gaskiya a kan kimiyyar abin, amma tana da rauni a matsayin hanyar mu'amala da mutane. Ta gargaɗi dillalai da kada su gwada motar mai koke da wata irinta, bisa dalilin cewa sautin ya bambanta daga mota zuwa mota kuma gwajin na iya sa a yanke hukuncin da ba daidai ba. Dalilin yana da ma'ana, sai dai ga mutumin da ya biya kuɗi masu yawa, wanda kuma maƙwabcinsa ke da irin motar ba ta wannan ƙara, hana gwaji ya yi kama da ɓoye wani abu. Rauni na biyu ya fi wannan girma. Da zarar kamfani ya ba wa wata ƙara suna ya ce lafiya ce, ma'aikacin gareji mai gaggawa ya sami aljihun da zai jefa kowace ƙara a ciki, ba tare da ya tsaya ya ƙirga bugunta ba. Akwai kuma ɓangaren shari'a: dokokin jihohin Amurka da ke tilasta wa kamfani karɓar sabuwar mota mai aibi suna neman a nuna cewa aibin ya rage amfanin motar ko darajarta ko amincinta sosai, kuma an yi ta gyara bai yiwu ba. Abin da aka rubuta a matsayin ɗabi'ar inji ba a gyara shi, don haka ba ya shiga wannan lissafi.

Masu motocin da suka bi abin da hankali sun yi abubuwa uku masu sauƙi. Sun sa dillali ya rubuta koken a takardar aiki da kwanan wata da adadin mil, domin garantin injin na shekara biyar ne ko mil 100,000, kuma rubutaccen koke yana amfani idan wani abu ya faru daga baya. Sun aika samfurin tsohon baƙin mai ɗakin gwaji, inda ake auna ɓurɓushin ƙarfe da tagulla da sauran ma'adanai, domin metal da ke cinyewa ba ya iya ɓoye kansa a cikin mai. Wasu kuma sun yanka tsohuwar filtar mai suka buɗe takardarta a rana suna neman ƙyallin ƙarfe. Waɗanda suka bi ta wata hanyar, suna zuba mai mai kauri fiye da ƙima ko magungunan kwalba domin kashe ƙarar, sun ɗauki kasadar da ta fi ƙarar kanta, domin injin yana shan kusan lita 12 na man da aka tsara domin ya dace da matatar hayaƙi, kuma wasu ƙare-ƙaren suna barin toka da ke toshe ta.

Abin lura a wannan lamari shi ne cewa injin yana da matsaloli na gaske, amma ba a wurin da kunnuwa suka karkata ba. Turbo ɗin shekarun farko, mai fuska biyu a kan sanda ɗaya, ya zo da boris na tangaran da ya riƙa lalacewa, kuma shi kam yana sanarwa da wani kuka mai tsini tare da hayaƙi da raguwar ƙarfi. An koma boris na ƙarfe, sannan a samfurin 2015 aka sauya turbo ɗin gaba ɗaya da mafi girma. Wasu injunan farko kuma sun sami tsagewar bawul ɗin hayaƙi, wanda gutsurensa ke faɗawa cikin silinda.

Mafi tsada a cikinsu shi ne famfon mai na Bosch da ake kira CP4. A cikinsa akwai 'yan ƙananan naɗi da ke gudu a kan kam, kuma babu abin da ke shafa musu mai sai dizal ɗin da suke turawa. Idan dizal ɗin ba shi da isasshen santsi, ko ruwa ko iska suka shiga, naɗin yakan daina juyawa ya koma gogawa, ya fara aske ƙarfe. Ɓurɓushin yana bin mai zuwa bututu da nozul takwas, ya kuma koma tanki, ta yadda gyaran ba ya tsayawa a famfo. Sai an canza kusan dukkan tsarin man an wanke tanki, kuma kuɗin yakan kai wajen dala 10,000. Masu motocin da suka kai kamfanoni kotu a kan wannan famfo sun dogara da cewa ma'aunin santsin dizal na Amurka ya fi na Turai sassauci, domin yana yarda da zaizayar ƙarfe ta maikiron 520 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) a gwajin da Turai ta tsaya a 460, su kuma kamfanonin sukan ɗora laifin a kan gurɓataccen mai. Wannan famfo ba ya yawan yin wata ƙara da direba zai ji kafin ya mutu. Sau da yawa alamar farko ita ce mota ta rasa ƙarfi ko ta mutu a kan titi ta ƙi tashi. General Motors, wanda ya sa shi a Duramax daga 2011 zuwa 2016, ya koma famfon Denso a 2017. Kamfanin motocin Ram ya sa shi a injin Cummins na 2019 da 2020, ya koma tsohon famfon CP3, sannan a ƙarshen 2021 ya yi kiranyen motoci fiye da 220,000 domin a cire shi. Ford ya ci gaba da amfani da shi shekaru da yawa bayan haka.

Ƙarar tafireta kuwa ba ta jawo kiranye ba, kuma ta ci gaba da bayyana a samfuran da suka biyo baya, Ford yana maimaita wa dillalai matsayinsa. Injunan 2011 da yawa da aka yi ta koke a kansu sun wuce mil dubu ɗari biyu da metal ɗinsu na asali.

Irin waɗannan motoci sukan iso Afirka ta Yamma a matsayin na hannu, ta tashoshin Kwatano da Legas, kuma a nan haɗarin ya sauya kama. Bakanike da ya saba da tsofaffin injunan dizal, idan ya ɗora sukudireba a ƙasan injin ya kara kunnensa ya ji kas-kas bayan juye, abu na farko da zai zo masa shi ne metal, kuma yana iya ba da shawarar a sauke inji. Buɗe lafiyayyen inji irin wannan a garejin da ƙura ke shiga, ba tare da kayan awo da ƙusoshin da ake ɗaurawa sau ɗaya ba, yana iya haifar da ainihin bugun da ake gudu. Kafin a taɓa sifana, ya kamata a ƙirga bugun ƙarar a ga ko tana bin juyin inji, a auna matsin baƙin mai da geji, a yanka filta a duba. Kuɗin da za a kashe wajen sauke injin ya fi amfani idan aka sa shi a canjin filtocin dizal biyu a kan kari, da zubar da ruwan da ke taruwa a matatar da ke ƙarƙashin mota, da sayen mai a gidan man da aka amince da shi, domin famfon CP4 da ya wahala da dizal ɗin Amurka ba zai jure wa na jarka da aka cakuɗa da kananzir ba.